Daga Laberiya zuwa Gazawa: Yadda ƙofar mai gyara ke iya kashe intanet ɗin gari

Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 a jihar Maraɗi, daga Gidan Rumji ya ratsa Tibiri da Cadawa da Agye har ya isa Gazawa, ya san cewa wayar salula ta zama kayan aiki kamar buhu da tiya. Da ita dillalin aya da riɗi ke jin farashin kasuwar Maraɗi da na Dawanau a Kano kafin ya yi ciniki. Da ita kuma 'yan ci-rani da ke Legas da Abidjan da Aljeriya da Libiya ke sanar da gida cewa sun aiko da kuɗin taki ko na magani.

Tun bayan da kamfanin Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar cikin watan Maris na 2025, sana'ar sayar da tikitin Wi-Fi ta ƙara bazuwa a birane da ƙauyuka. Kayan aikin ba su da yawa: farantin tauraron ɗan'adam a kan rufi, farantin sola da batir, eriya a kan dogon ƙarfe, sai wani ƙaramin akwati mai fitilu da ake kira rauta, wanda ke raba intanet ga masu sayen tikitin awa ko na yini ko na mako.

Wannan akwati, da manyan 'yan'uwansa da ke ɗakunan kamfanonin sadarwa, duk suna da wata ƙofa da aka tanadar wa mai gyara domin ya duba lafiyarsu daga nesa. Cikin shekara 20 da 'yan kai da suka wuce, ta irin wannan ƙofa aka sha bi ana durƙusar da intanet a ƙasashe daban-daban, ciki har da wata ƙasa ta Afirka ta Yamma. Matashin da ya kafa Wi-Fi a bakin tashar Gazawa ya gaji wannan matsala tare da kayan da ya saya, ko da mai shagon bai faɗa masa ba.

Mece ce ƙofar mai gyara?

Kamfanin sadarwa yana da dubban na'urori a warwatse, daga Yamai har Difa. Injiniya ba zai iya hawa babur ya je ya duba kowace ɗaya ba, don haka aka ƙirƙiro ƙa'idojin da na'ura za ta riƙa amsa tambaya da karɓar umarni ta cikin layin intanet ɗin kansa.

Wadda ta fi shahara ita ce SNMP, wadda aka fara wallafa ƙa'idojinta a 1988. Kwamfutar injiniya takan aika tambaya zuwa ƙofa mai lamba 161 ta na'urar: nawa ne zafin jikinki, wane layi ne ya mutu, bayanai nawa suka wuce yau? Na'urar sai ta amsa. Idan an ba da izini, ta wannan hanya ana iya sauya tsarinta ma.

Matsalar ita ce an tsara SNMP a zamanin da masu amfani da intanet 'yan ƙalilan ne, yawancinsu a jami'o'i da cibiyoyin bincike, kuma sun yarda da juna. A zubi na 1 da na 2, kalma ɗaya tak ce ke tsare ƙofar, kuma tana tafiya a fili ba tare da an lulluɓe ta ba. Kamfanoni da dama sun daɗe suna fitar da na'urorinsu da kalmomi biyu da kowa ya sani, wato public domin karatu da private domin sauya tsari. Kamar a ce duk ƙwadon da ake sayarwa a kasuwa makulli ɗaya ne ke buɗe shi.

Zubi na 3, wanda ke tantance mai magana ya kuma ɓoye saƙo, ya zama cikakkiyar ƙa'ida tun 2002. Sai dai har yau na'urori masu yawa na aiki da tsohon zubin, saboda ya fi sauƙin haɗawa.

Akwai wasu ƙofofin irin wannan. Telnet tana ƙofa ta 23. TR-069, wadda kamfanoni ke sarrafa rautocin gidajen kwastomominsu da ita, tana amfani da ƙofa ta 7547. Winbox ta kamfanin MikroTik tana ƙofa ta 8291. Aikinsu ɗaya ne, haɗarinsu ma ɗaya ne: duk wanda ya iya magana da ƙofar, ya samu hanyar taɓa zuciyar na'urar.

Hanyoyi uku na hana na'ura aiki

Harin da ake magana a kansa ba na satar kuɗi ko hotuna ba ne. Manufarsa ita ce a hana na'ura yi wa masu ita aiki, kuma yana zuwa ta fuska uku.

Ta farko ita ce gurɓataccen saƙo. Idan masu rubuta manhajar na'ura sun yi kuskure, saƙo guda da aka shirya da mugun nufi yana iya rikita ta har ta mutu ta sake tashi. Idan aka ci gaba da aiko shi, haka za ta yi ta faɗuwa tana tashi, duk wanda ke bayanta kuma ya rasa rezo.

A watan Fabrairun 2002 duniya ta ga girman wannan matsala. Wata tawagar masu bincike a Jami'ar Oulu ta ƙasar Finland ta gwada aika dubban saƙonnin SNMP marasa tsari zuwa na'urori iri-iri, ta gano cewa kayan kamfanoni masu yawa suna faɗuwa. A ranar 12 ga watan ne cibiyar CERT ta Amurka ta fitar da gargaɗi, kamfanoni suka shiga rige-rigen fitar da gyara.

Bayan shekara 23 ciwon bai warke ba. A ranar 24 ga Satumban 2025, kamfanin Cisco, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera na'urorin da ke ɗauke da intanet ɗin duniya, ya sanar da wata ɓaraka a sashen SNMP na manhajojinsa na IOS da IOS XE, wadda aka yi wa lamba CVE-2025-20352. Kamfanin ya bayyana cewa wanda ya mallaki ko da ƙaramar kalmar karatu kawai yana iya tilasta wa na'urar ta mutu ta sake tashi, wanda ya samu izinin shugaba kuma yana iya ƙwace ta baki ɗaya. Ya kuma tabbatar da cewa an riga an yi amfani da ɓarakar wajen kai hari kafin gyaran ya fito.

Fuska ta biyu ita ce aron baki. SNMP ba ta tabbatar da adireshin wanda ya aiko tambaya. Maharin sai ya aika gajeriyar tambaya ga dubban na'urori, amma ya sa adireshin wanda yake so ya cutar. Kowace na'ura sai ta mayar da doguwar amsa ga bawan Allah da bai tambaye ta komai ba, har layinsa ya cushe. Misalinsa kamar mutum ya zaga kasuwar Cadawa yana ce wa kowane mai amalanke ya kai buhu goma ƙofar gidan wane: kafin azahar ko mai gidan ba zai samu hanyar fita ba. A 2014 kamfanin Akamai ya yi gargaɗin cewa irin wannan hari ta SNMP yana ƙaruwa.

Fuska ta uku ita ce kame. A nan maharin ba ya kashe na'urar, sai dai ya shiga ya zauna, ya haɗa ta da dubban wasu su zama runduna, sannan ya umarce su su yi wa wuri ɗaya taron dangi. Wannan ne ya faru da Laberiya.

Darasin Laberiya

A ƙarshen watan Satumban 2016 aka saki sirrin wata muguwar manhaja mai suna Mirai a intanet. Aikinta mai sauƙi ne: tana yawo tana ƙwanƙwasa ƙofar Telnet ta kyamarorin tsaro da rautoci, tana gwada kalmomin sirri kusan 60 na masana'anta waɗanda masu kayan ba su taɓa sauyawa ba. A watan Oktoba na shekarar, rundunar Mirai ta afka wa kamfanin Dyn na Amurka, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka daina buɗewa ga miliyoyin mutane na tsawon sa'o'i.

Wani ɗan Birtaniya mai suna Daniel Kaye, wanda ke zaune a tsibirin Cyprus a lokacin, ya ɗauki manhajar ya gina tasa rundunar. Bayanan da aka gabatar a kotu sun nuna cewa wani babban ma'aikacin kamfanin sadarwa na Cellcom a Laberiya ne ya ɗauke shi haya domin ya gurgunta abokin gasarsu, Lonestar MTN. Manufar ita ce kwastomomin Lonestar su gaji da rashin sabis su sauya layi.

A wancan lokaci Laberiya ta dogara ne da wayar intanet ta ƙarƙashin teku guda ɗaya, wato ACE. A farkon Nuwamban 2016 harin ya yi ƙarfin da hukumar yaƙi da manyan laifuka ta Birtaniya ta ce ya katse intanet a faɗin ƙasar. Lonestar ya ce ya kashe kusan dala 600,000 wajen kare kansa, ban da asarar miliyoyin daloli saboda kwastomomin da suka gudu.

Daga nan Kaye ya nemi ƙara yawan rundunarsa, sai ya juya ga ƙofa ta 7547, ƙofar da kamfanoni ke barin ta domin gyaran rautocin gida. A ranar 27 ga Nuwamban 2016, rautoci kusan 900,000 na kwastomomin kamfanin Deutsche Telekom a Jamus suka daina aiki. Abin mamaki, manhajar ba ta ma iya kame su ba. Yawan ƙwanƙwasar da aka yi wa ƙofar ne ya rikita su suka sume, gidaje suka rasa intanet da tarho da talabijin. Wasu kwastomomin TalkTalk da Post Office a Birtaniya ma abin ya shafe su.

An kama Kaye a filin jirgin sama na Luton a Fabrairun 2017, aka miƙa shi Jamus inda wata kotu a birnin Kolon ta yanke masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. A Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara biyu da wata takwas kan abin da ya yi wa Laberiya.

Abu biyu ne ya kamata mai sana'ar Wi-Fi ya lura da su a wannan labari. Na farko, ba wata ƙasa ko rundunar soja ce ta kai harin ba, kishin kasuwa ne tsakanin masu sana'a ɗaya. Na biyu, masu kyamarori da rautocin da aka yi aikin da su ba su san an mayar da kayansu makami ba. Abin da za su iya lura da shi kawai shi ne intanet ɗinsu ya yi nauyi.

Akwatin da ke kan teburin shago

Masu sayar da tikitin Wi-Fi da dama a Afirka ta Yamma suna amfani da rautar MikroTik, ƙirar wani kamfani na ƙasar Latbiya, saboda tana da araha kuma tana iya ƙayyade lokaci da gudun kowane tikiti. Da yawa suna haɗa ta da wata manhaja mai suna Mikhmon domin buga tikitin. Na'ura ce mai ƙarfi, amma ita ma tana da nata tarihin.

A watan Afrilun 2018 kamfanin ya fitar da gyara ga wata ɓaraka a ƙofar Winbox, wadda ke ba wa baƙo damar kwashe sunaye da kalmomin sirrin na'urar ba tare da ya shiga ba. Dubban masu rauta ba su sabunta tasu ba. Wasu sun sabunta, amma ba su sauya kalmar sirrin da aka riga aka sace ba.

Sakamakon ya bayyana a 2021, lokacin da aka gano wata runduna da aka raɗa wa suna Meris, kalmar da ke nufin annoba a harshen Latbiya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta ƙunshi na'urori kusan 250,000, yawancinsu MikroTik. Ta yi wa kamfanin Yandex na Rasha ruwan buƙatu miliyan 21.8 a cikin daƙiƙa ɗaya, adadin da ba a taɓa gani ba a lokacin. MikroTik ya bayyana cewa rautocin da aka kame tun 2018 ne ake ci gaba da amfani da su.

Eriyoyin da ake harba Wi-Fi da su daga unguwa zuwa unguwa ma ba su tsira ba. A farkon 2019 masu bincike na kamfanin Rapid7 sun ƙidaya na'urorin Ubiquiti kusan 500,000 da ƙofarsu ta 10001 ke buɗe ga duniya, ana iya aron bakinsu wajen cushe layin wasu.

Akwai wani abu da ke rage wa masu Starlink haɗari. A tsarin da yawancin mutane ke saye, kwastomomi da yawa ne ke tarayya a adireshin intanet ɗaya, don haka wanda ke wata ƙasa ba ya iya ƙwanƙwasa ƙofar rautar kai tsaye cikin sauƙi. Sai dai wannan kariya ta waje ce kawai, kuma Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Sana'ar Wi-Fi gaba ɗayanta gayyatar baƙi ce zuwa cikin gida. Duk wanda ya jona wayarsa da eriyar, ko ya sayi tikiti ko bai saya ba, ya riga ya shigo zauren da rautar take. Idan ƙofofin gyara suna amsa wa ɓangaren kwastomomi, to yaron da ya kalli bidiyo biyu a YouTube yana iya gwada sa'arsa, haka ma maƙwabcin da ya buɗe nasa Wi-Fi yana neman kasuwa. Rautocin MikroTik sun shafe shekaru suna fitowa da sunan admin ba tare da kalmar sirri ba, kuma tsofaffin da ake sayarwa na hannu suna nan a kasuwa.

Hanya ta biyu ita ce mai haɗawa. Sau da yawa mai gyara ɗaya daga Maraɗi ko Katsina ne ke haɗa wa mutane da dama, ya goge tsarin tsaron da na'urar ta zo da shi domin aikin ya yi sauri, ya buɗe wa kansa hanyar shiga daga nesa domin kada a riƙa kiransa yana tahowa. Idan kalma ɗaya ya sa wa kowa, ranar da wayarsa ta ɓace ko yaron shagonsa ya bar aiki da fushi, makullin garuruwa da dama ya fita hannu a lokaci guda.

Ba kowace ɗaukewar rezo ce hari ba

Mutanen jihar Maraɗi sun san ɗaukewar sadarwa iri-iri, kuma yana da kyau a bambanta su.

Akwai ta umarnin hukuma. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, an katse intanet ɗin salula a Nijar na kusan kwana goma. A Satumban 2021 kuma hukumomin Najeriya sun rufe layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato domin yaƙi da 'yan bindiga.

Akwai ta wutar lantarki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kaso mafi yawa na wutar ƙasar, ba a maido ba sai a Maris na 2024.

Akwai ta yankewar waya. A ranar 14 ga Maris na 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ya shafi ƙasashe da dama har da waɗanda ba su da teku kamar Nijar.

Harin ƙofar gyara yana da nasa alamomin. Wuta tana nan, farantin tauraron yana nuna yana da sabis, amma rauta tana mutuwa tana tashi da kanta. Ko kuma a ga ƙwaƙwalwarta ta cika maƙil alhali kwastomomi ba su da yawa, ko bayanan da ke fita sun ninka waɗanda ke shigowa cikin dare lokacin da kowa ke barci. Idan mai rauta ya tarar da sabon suna a jerin masu izini, ko wani aiki da aka tsara yana gudana da kansa wanda ba shi ya sa ba, to wani ya riga ya shiga.

Abin da ke cikin haɗari

A birni, rashin intanet na awa uku yana nufin an rasa hira da kallon ƙwallo. A wannan yanki lissafin ya wuce haka.

Kamfanonin aika kuɗi irin su NITA da Amana da Al Izza suna aiki ne ta layi. Idan rezo ya ɗauke ranar kasuwa, kuɗin da ɗan ci-rani ya aiko suna nan a rubuce, amma mahaifiyarsa da ta biya kuɗin mota daga ƙauye za ta koma hannu rabbana. Manomin da bai ji farashin Maraɗi ba kuma zai sayar da ayarsa yadda ɗan kasuwa ya yanka masa.

A gundumar Gidan Rumji lamarin ya haɗa da tsaro. Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako saboda hare-haren 'yan bindiga, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ga iyalan da iyaka ta raba, saƙon murya na WhatsApp shi ne hanyar sanin wa ke raye, wa aka sace, wace hanya ce ba ta biyuwa yau.

Rikicin 2023 ya kuma nuna cewa wannan yanki ba ya wajen taswirar masu irin wannan hari. A farkon Agustan shekarar, lokacin da ƙungiyar ECOWAS ke barazanar tura soja Nijar, wata ƙungiya mai kiran kanta Anonymous Sudan ta yi iƙirarin kai hari kan kamfanin MTN a Najeriya, hukumar NITDA kuma ta gargaɗi ma'aikatu da kamfanoni su ɗaura ɗamara. A Oktoban 2024 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta tuhumi wasu 'yan'uwa biyu 'yan Sudan da jagorantar ƙungiyar, ta ce an kai hare-hare sama da 35,000 da kayan aikinsu cikin kusan shekara ɗaya.

Gyaran da ba ya cin kuɗi

Yawancin matakan kariya ba sa buƙatar sayen komai. Hukumomin tsaron intanet da su kansu masu ƙera na'urorin shawara ɗaya suke maimaitawa.

Mataki na farko shi ne a rufe duk ƙofar da ba a amfani da ita. Mai Wi-Fi guda ɗaya a unguwa ba ya buƙatar SNMP ko Telnet, don haka su zauna a kashe. Wanda ke da na'urori da yawa kuma dole sai ya riƙa duba su daga nesa, ya koma zubi na 3 na SNMP, ya goge kalmomin public da private.

Na biyu, a raba hanyar kwastoma da ta mai gyara. A tsara rautar yadda Winbox da shafin sarrafawa ba za su amsa wa kowa ba sai kwamfuta ko wayar mai ita. Wanda ya sayi tikiti intanet ya saya, bai kamata ya ga ko ƙofar ba.

Na uku, a sauya sunan admin, a sa doguwar kalmar sirri wadda ba lambar waya ba ce, ba sunan shago ba, ba shekarar haihuwa ba. Kowace na'ura da tata. Ranar da aka rabu da ma'aikaci ko aka sauya mai gyara, a sauya ta a ranar.

Na huɗu, a riƙa sabunta manhajar na'urar. MikroTik yana bayar da sabuntawa kyauta, kuma aikin mintuna ne. Darasin 2018 shi ne sabuntawa kaɗai ba ta isa ba: bayan ta, sai an sauya kalmar sirri an kuma duba ko ɓarawo ya bar wani abu a ciki. Rautar da aka sayo ta hannu kuwa, a wanke ta tas a sake ɗora mata manhaja kafin a jona ta.

Na biyar, a ajiye kwafin tsarin na'urar a wani wuri dabam. Idan abu ya faru, mai kwafi yana komawa aiki cikin awa ɗaya, marar shi kuma sai ya jira mai gyara ya samu motar Gazawa.

Manyan kamfanonin da ke ƙasar, wato Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecoms, suna da nasu nauyin: su hana saƙon da ke ɗauke da adireshin ƙarya fita daga layukansu, su ware hanyar sarrafa na'urorinsu daga ta jama'a, su kuma sa gyara da zarar ya fito. Hukumar ARCEP ce ke sa ido a kansu.

Ta fuskar doka, Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun watan Yulin 2019, kuma hana tsarin kwamfuta aiki da gangan yana cikin laifukan da ta tanadar wa hukunci. Matashin da ke ganin kashe Wi-Fi ɗin maƙwabci wasa ne ko gwajin basira, ya sani cewa laifin da ya kai Daniel Kaye gidan kaso ke nan. A Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da makarantun koyon sana'a akwai matasan da ke karanta kwamfuta, kuma duba tsaron rautocin unguwa da na ƙauye sana'a ce da ke jiran masu yi.

Ga 'yan ci-ranin da ke haɗa kuɗi su saya wa ƙane ko ɗa faranti da rauta domin ya samu abin yi a gida, akwai tambayoyi uku da ya kamata su yi a kiran waya na gaba: wa da wa suka san kalmar sirrin rautar, yaushe aka sabunta ta, kuma mai haɗawa ya bar wa kansa hanyar shiga daga nesa ko bai bari ba? Idan ƙanen bai iya amsawa ba, a kira mai haɗawar ya zo ya nuna masa, a sauya kalmar a gabansa, a rubuta ta a takarda a adana a gida.